Muhawara a kan kalmar "divergent": shin "daban" kawai take nufi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Akwai wata sifa ta Turanci da ta daɗe tana ɗaure mini kai, wato "divergent". Na fara cin karo da ita a wani rahoto da aka rubuta "the two committees reached divergent conclusions". Na duba ƙamus ya nuna mini cewa tana nufin abin da ya bambanta ko ya nufi wani ɓangare dabam, sai na ɗauka 'yar'uwar "different" ce wadda ta fi ta ado kawai. Da na zo rubuta jingar aji sai na sa "my two pens are divergent in colour", amma malamin da ya duba takardar ya ja mata jan layi, ya rubuta a gefe cewa kalmar ba ta zauna ba, bai ƙara komai ba. To idan duka biyun bambanci suke nufi, me ya sa kwamitoci suka cancanci kalmar amma alƙalumana ba su cancanta ba?

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam Malama. Kafin mu koma ga ƙamus, ina so ki buɗe tafin hannunki ki ware yatsunki ki dube su. A gindi, inda suka fito daga tafi, kusan a manne suke da juna, amma duk gaɓar da kika matsa gaba sai tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru, har ki kai kan farata inda kowane yatsa ya fuskanci nasa ɓangaren. Wannan hoton shi ne ainihin kalmar. Tana ɗauke da abubuwa biyu a tare: tushe guda, da kuma nisa mai ƙaruwa. "Different" ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, domin iyakar abin da take faɗi shi ne abu kaza ba irin abu kaza ba ne.

Asalin kalmar ma ya nuna haka. Daga Latin ta fito, ɗafa-goshin "dis" mai ma'anar rabuwa ya haɗu da aikatau "vergere" mai nufin karkata, kuma a ƙarni na 17 ta shiga Turanci. Kwamitocinki biyu tambaya ɗaya aka ba su, daga wuri guda suka tashi, sannan kowa ya karkata har suka ƙare nesa da juna. Su kuwa alƙalumanki ba su tashi daga ko'ina ba, ba su kuma nufi ko'ina ba. Ɗaya shuɗi ne ɗaya ja, kuma haka za su zauna har tawadarsu ta ƙare.

Mai fassara:
Malam ya bayyana abin da kyau. Ni abin da zan ƙara daga ɓangaren aikina shi ne, ban taɓa samun sifa guda ta Hausa da na ajiye a madadin wannan kalma ba, kuma na daina nema. Turanci yana cusa motsin a cikin sifa, mu kuwa da aikatau muke faɗinsa. Idan hanyoyi ne sai in ce sun rabu daga mararraba. Idan mutane ne da suka fara tafiya tare sai in ce sun raba gari, ko kowa ya kama gabansa. Idan ra'ayoyi ne sai in ce sun sha bamban, ko sun yi hannun riga. Duk mai fassarar da ya ga "divergent" ya rubuta "mabambanta" a ko'ina bai yi ƙarya ba, amma ya zubar da rabin kayan a hanya.

Tsohon edita:
Ku yi haƙuri in ɗan ja da ku, domin na shafe shekaru ina karanta rubutun masu harshen, kuma abin da kuke koya wa yarinyar nan ya fi abin da ake yi a zahiri tsauri. Idan ɗan jarida ya rubuta "divergent views", sau da yawa babu wani tushe guda a ransa, ba ya kuma nufin tazara tana ƙaruwa. Abin da yake so ya ce shi ne ra'ayoyin sun yi nisa da juna ƙwarai, shi ke nan. Mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ana iya cewa ra'ayoyinsu "widely divergent" ne, kuma babu editan da zai ja wa jimlar layi. Asalin kalma tarihi ne, ba doka ba ce. Da a ce da asali ake hukunci, da kalmomi da yawa da muke amfani da su kullum sun zama kuskure.

Malamin Turanci:
Baba, na karɓi gyaran a kan asali, domin gaskiya ne cewa yadda masu harshe suke amfani da kalma shi ne hujja, ba yadda kakanninsu suka yi ba. Sai dai ina ganin ko a misalin da ka kawo tushen yana nan, ya ɓuya ne kawai. Mutanen nan biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, ai a kan magana ɗaya suke ba da ra'ayi. Ba za a ce ra'ayin wani game da haraji da ra'ayin wani game da ƙwallon ƙafa "divergent" ne ba, ko da kuwa babu abin da ya haɗa su, domin rashin abin da ya haɗa su ɗin ne ma ya hana kalmar zama. Batun da ake tattaunawa shi ne mararrabar. Shi ya sa sunayen da kalmar ta fi rakiya duk masu alƙibla ne: "views", "opinions", "interests", "paths", "approaches", "trends". Kowanne a cikinsu ana iya tambayarsa ina ya dosa. Launin alƙalami ba a yi masa wannan tambayar.

Tsohon edita:
Batun magana ɗaya na yarda da shi. Batun tazara mai ƙaruwa ne har yanzu ban sayi dukkansa ba. Idan da a cikin kalmar ƙaruwar take kullum, me ya sa marubuta suke buƙatar rubuta "increasingly divergent"? Da ya zama maimaici.

Malamin Turanci:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, Baba, kuma ba zan yi gardama da ita ba. Bari in sassauta maganata: a ma'anar zahiri, ta layuka da hanyoyi da haske, ƙaruwar tazara wajibi ce, amma a ma'anar aro, ta ra'ayi da buƙata, abin da ya rage shi ne nisa mai yawa da kuma wuyar sasantawa. Duk da haka, idan na karanta cewa muradun ƙasashe biyu "divergent" ne, ina jin marubucin yana gaya mini kada in sa ran za su daidaita nan kusa, abin da "different" ba ta taɓa gaya mini ba.

Malamar lissafi:
Ina bin ku tun ɗazu, kuma ina so in ƙara wa Baba ƙarfi daga ɓangaren da bai zata ba. A wurinmu kalmar tana da ma'ana tsayayya wadda ba a sassauta ta. Idan ana tara jerin lambobi marasa iyaka, sai mu duba ko jimillar tana matsawa kusa da wata lamba guda. Idan aka tara 1/2 da 1/4 da 1/8 aka ci gaba da rabawa biyu, jimillar tana ta matsowa kusa da 1, kuma wannan shi ne "convergent". Duk jerin da bai yi haka ba "divergent" ne.

Misalin da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne 1 da 1/2 da 1/3 da 1/4 har illa masha Allahu. Lambobin suna ta ƙanƙancewa, don haka hankali yana raya wa mutum cewa dole jimillar ta tsaya a wani wuri, amma ba ta tsayawa. Nicole Oresme, wani masani Bafaranshe, ya tabbatar da haka tun a ƙarni na 14 da dabarar da ko ɗan sakandare zai gane: 1/3 da 1/4 sun fi rabi, lambobi huɗun da ke biye, daga 1/5 zuwa 1/8, su ma sun fi rabi, takwas ɗin da ke bayansu haka, saboda haka ana ta ƙara rabi a kan rabi ba iyaka. Tafiyar hawainiya ce, domin sai an tara lambobi 12,367 kafin jimillar ta wuce 10, amma babu inda za ta tsaya.

Inda zan goyi bayan Baba shi ne jerin da Guido Grandi ya yi nazari a 1703, wato a ƙara 1, a cire 1, a ƙara 1, a cire 1. Jimillar tana kai da komo tsakanin 1 da 0, ba ta nisa ko kaɗan, amma sunansa "divergent" domin ya ƙi zama wuri guda. Ke nan a lissafi ma'anar ita ce rashin haɗuwa, ba lallai sai da nisa mai ƙaruwa ba.

Malamin Turanci:
Malama, kin ba ni abin da ban da shi, kuma ina ganin ya fi bayanina na farko tsafta. Hanyar da ta fi sauƙi wajen riƙe kalmar ita ce a riƙe ta tare da kishiyarta. "Converge" haɗuwa ce a wuri guda, "diverge" kuwa akasinta. Kishiyar "different" ita ce "same" ko "similar". Duk jimlar da mutum ya yi shakka a kanta, sai ya gwada sa kishiyar. Ana iya cewa ra'ayoyin kwamitoci biyu sun zo sun haɗu, don haka ana iya cewa sun rabu. Amma ba a cewa launukan alƙaluma biyu sun taho sun haɗu.

Ɗalibin ilimin ƙasa:
Malamai, ku ba ni dama in kawo namu misalin, domin a darasinmu ne na fara sanin kalmar tun kafin in san ana amfani da ita ga ra'ayi. Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba, manyan farantai ne da suke motsi a hankali, kuma iyakar da faranti biyu suke janyewa daga juna ita ake kira "divergent boundary". Mafi shahara ita ce doguwar tsagar da ta ratsa tsakiyar Tekun Atlantika, inda ɓangaren Amurka yake nisantar ɓangaren Turai da Afirka da kimanin santimita 2.5 a shekara, kusan gwargwadon yadda farcen mutum yake tsiro. Narkakken dutse yana tasowa daga ƙasa yana cike gurbin, kuma tsibirin Aisland a kan wannan tsagar yake zaune. Bahar Maliya ma haka ta samu, domin yankin Larabawa da Afirka a da manne suke. A nan dai Baba ba zai musa ba, tushe guda ne kuma tazarar tana ƙaruwa, har ana auna ta.

Tsohon edita:
Ba zan musa ba, ɗana, domin duwatsu ba sa rubuta jarida.

Wata ɗaliba:
Ni ruɗanina daban ne. Kullum ina cakuɗa "divergent" da "diverse" da "divert", har akwai ranar da na rubuta "the road was diverged" ina nufin an karkatar da hanya. Shin duk dangi ɗaya ne?

Malamin Turanci:
Kamar ta yi yawa, amma saiwarsu ba ɗaya ba ce, domin "diverse" da "divert" daga wani aikatau na Latin suka fito, "vertere", mai nufin juyawa. "Diverse" tana bayyana taro guda mai ɗauke da iri-iri, kamar aji mai ɗalibai daga ƙasashe da yawa, kuma yawanci yabo ne. Idan aka ce "diverse opinions" ana nufin an ji ra'ayoyi kala-kala, taron ya yi albarka. Idan aka ce "divergent opinions" ana nufin an tashi baram-baram ko ana gab da haka. Wanda ya musanya su a rahoton taro ya mayar da yabo ƙorafi ba tare da ya sani ba.

Game da jimlarki kuwa, "divert" aikatau ne so-karɓau, wato wani ne yake karkatar da wani abu, saboda haka "the road was diverted" ita ce daidai. "Diverge" ƙi-karɓau ne, abu ne yake rabuwa da kansa, ba a raba shi: "the roads diverge". Idan za a ambaci abin da aka rabu da shi, "from" ake sawa, kamar "his account diverges from hers". Sunan kuma "divergence" ne. Wajen furuci, gaɓa uku ce, nauyin yana kan ta tsakiya, harafin "g" kuma kamar "j" ake faɗinsa, wato kusan "dai-baa-jant" idan muka rubuta da namu baƙaƙen, sai dai "v" ce a gaɓar tsakiyar ba "b" ba.

Mai fassara:
Ina so mu koma kan "hannun riga", domin wani abokin aiki ya taɓa ƙalubalantata a kanta, kuma har yau ban gama yanke hukunci ba. Hujjarsa ita ce hannayen riga ɗaya gabas ya nufa ɗaya yamma, wato "opposite" ke nan, alhali abubuwa biyu suna iya zama "divergent" suna fuskantar kusan ɓangare guda. Ya kawo mini ƙa'idar da matuƙa jirgin sama suke amfani da ita: idan jirgi ya kauce wa hanyarsa da digiri 1 kacal, bayan tafiyar mil 60 zai tsinci kansa kimanin mil 1 nesa da inda ya kamata ya kasance. Jirage biyu da suka tashi tare da wannan 'yar kusurwa a tsakaninsu, wanda yake kallo daga ƙasa zai rantse tare suke tafiya, amma sun riga sun rabu. Na amsa masa cewa duk da haka hannayen riga daga jikin riga guda suka fito, kuma wannan shi ne abin da nake nema.

Malamar lissafi:
Abokin aikinka yana da gaskiya a kan kusurwa. Layuka biyu a kan takarda hali uku gare su idan ka bi su ta ɓangare ɗaya: ko su riƙe tazararsu, wato "parallel", ko su matso, ko su nisanta. Juya wa juna baya shi ne matuƙar nisantar, ba shi kaɗai ne nisanta ba. Wanda yake so ya gani da idonsa, ya haska tocila a bango daga kusa, zai ga ɗan ƙaramin da'ira mai haske sosai, sannan ya ja da baya a hankali, zai ga da'irar tana faɗi tana dusashewa. Duk hasken gaba ya nufa, babu wanda ya juya baya, amma yana warwatsuwa. Gilashin da masu matsalar hangen nesa suke sawa ma aikinsa ke nan, sai dai a can "diverging lens" aka fi cewa.

Mai fassara:
To ke nan zan riƙe "hannun riga" ga saɓani mai tsanani, in bar "raba hanya" ga wanda ya fara da kaɗan. Misalin da yake zo mini shi ne na harsuna: Faransanci da Sifaniyanci da Italiyanci duk daga Latin suka fito, babu ranar da aka ce yau sun rabu, amma ƙarnuka sun mayar da su harsuna dabam-dabam. A nan ba zan ce sun yi hannun riga ba, zan ce sun yi rassa daga tsatso guda.

Ɗalibin ilimin ƙasa:
Masu nazarin halittu ma haka suke amfani da ita. Wasu ƙananan tsuntsaye da ake kira "finches" a tsibiran Galapagos, inda Charles Darwin ya ziyarta a 1835, kakansu ɗaya, amma bakin kowane jinsi ya sauya gwargwadon abincin da yake samu, wani ya yi kauri don fasa ƙwaya, wani ya yi tsini don tsintar ƙwari. Wannan shi ne "divergent evolution".

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, yanzu na ga inda na kauce. Amma na lura duk misalan na jam'i ne, kuma yawancinsu suna da ƙanshin rashin jituwa. Shin ana amfani da ita ga abu tilo, kuma tana iya zama yabo?

Malamin Turanci:
Ana yi, Malama, ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a sa ta ga abin da ya bar hanyar da saura suka bi, kamar "a divergent reading of the text", wato fahimtar da ta saɓa wa ta jama'a. A nan abin da aka rabu da shi ba a ambace shi ba ne kawai, amma yana nan. Ta biyu ita ce "divergent thinking", wadda masanin halayyar ɗan'adam Ba'amurke J. P. Guilford ya yaɗa a shekarun 1950. Yana nufin tunanin da yake tashi daga tambaya guda ya fantsama zuwa amsoshi da yawa, akasin wanda yake tattara bayanai ya kai ga amsa ɗaya. Gwajin da aka san shi da shi mai sauƙi ne: a ba mutum abu kamar bulo, a ce ya lissafa duk amfanin da zai iya yi da shi ban da gini. A wannan fagen kalmar yabo ce tsantsa. Saboda haka ita kanta ba ta zagi ba ta yabo, sunan da ta raka ne yake ba ta launi.

Mai tambaya:
Bari in gwada, ku duba mini. Ta ɗaya: "The twins chose divergent careers after school." Ta biyu: "The witnesses gave divergent accounts of the accident." Ta uku: "My taste in books is very divergent than my sister's."

Malamin Turanci:
Ta ɗaya da ta biyu sun zauna daram, kuma ki lura kowacce tana da mararrabarta, makaranta guda a ta farko, haɗari guda a ta biyu. Ta uku tana da kurakurai biyu. "Than" ba ta bin wannan kalmar, "from" ce take binta. Sannan "very" ba laifi ba ce a nahawu, amma kunnen mai harshen ya fi sabawa da "widely" ko "sharply". Idan kina so ki riƙe ma'anar, ki rubuta "my sister and I have widely divergent tastes in books".

Tsohon edita:
Jimlar da Malam ya gyara daidai ce, amma da ta zo teburina, 'yata, da na tambaye ki wa kike rubuta wa. Kalmar ta rahoto ce da takardar jarrabawa da muƙalar jarida. Idan ƙawarki kike ba labarin littattafan da ke da yayarki kuke karantawa, ki ce "different" ki wuce, domin ita ma ba za ta ce miki "divergent" ba. Jimlar shaidun nan ita ce wadda zan buga ba tare da na taɓa ko harafi ɗaya ba.